Masu Hura Wuta da Masu Kashe Ta

Tun kafin mu ƙarasa mai kwale-kwalen ya yi mini nuni da in mayar da wayata aljihu. Haɓa kawai ya tura wajen hayaƙin da ke tashi a gabanmu ya ce, "Manikarnika." Sassafe ne a watan Disamba a birnin Banaras na Indiya, hazo ya lulluɓe kogin Ganga har ba ka ganin ɗaya gaɓar, ga sanyi mai shiga ƙashi. Na ƙirga wuta bakwai suna ci a kan matakalar bakin ruwa. Sai da iska ta juyo ta wajenmu na gane abin da ake ƙonawa.

Wani kwas na wata uku ne ya kai ni Delhi, aka gama saura kwana takwas jirgina ya tashi. Wanda muke zama kusa da juna a aji ɗan Banaras ne, kuma tun makon farko ya sanar da ni cewa shi Barahmani ne, kamar yadda wani a wajenmu zai ce maka shi Basharife ne ko ɗan gidan malamai, ba don fariya ba, don dai ka sani. Ni kuwa sunan ba baƙo ba ne a kunnena. Muna yara a zaure, in karatun tauhidi ya kai babin aiko manzanni, malam kan ambaci ƙungiyoyi biyu da suka saɓa: Barahima da Sumaniyya. Mukan haddace sunayen mu wuce, ban taɓa kawo wa raina cewa mutane ne masu gida da 'ya'ya da bashin banki ba. Barahima su ne dangin abokina. Sumaniyya kuwa, a bakin marubutan Larabci na da, su ne mabiya Buda. Da ya ce in zo mu je garinsu in ga duka biyun da idona, ban yi dogon tunani ba.

Muka sauka daga kwale-kwalen muka tsaya gefe a kan wani tudu. Ba a ɗaukar hoto, kuma ban ga mace ko ɗaya a wurin ba. Gawa takan iso a kan makarar gora, lulluɓe da ƙyalle ruwan lemo mai walƙiya, masu ɗauke da ita suna ta maimaita "Ram nam satya hai", wato sunan Rama shi ne gaskiya. A tsoma ta a kogi, a ajiye ta ta tsane, 'yan'uwa su nufi masu itace. Da sikeli ake auna itacen, ana ciniki kamar a kasuwar hatsi. Wanda na zuba wa ido wani saurayi ne da bai fi shekara ashirin ba, an yi masa aski ƙwal, ya ɗaura farin ƙyalle, jikinsa sai ɓari yake, ko na sanyi ko na abin da ke gabansa. Shi ne babban ɗa, shi zai sa wa ubansa wuta. Amma ba ashana zai ƙyasta ba. Sai da ya hau sama wajen wata rumfa inda wani gungume ke ci a hankali, ya miƙa damin busasshiyar ciyawa, wani mutum ya ɗora masa garwashi a kai, aka biya shi.

"Bhai, ka ga mutumin can?" in ji abokina. "Dom ne. Kakana ba zai sha ruwa daga hannunsa ba. Amma ranar da kakana ya cika, wutar da za ta ci shi daga hannun wannan za ta fito." Domawa suna can ƙasan tsanin asali, cikin waɗanda a da ake cewa ko taɓa su ƙazanta ce, kuma su ke riƙe da wutar nan da suke cewa ba ta taɓa mutuwa ba. Daga ko'ina a Indiya ake kawo gawa nan. Wasu tsofaffin ma tun da ransu suke tarewa a garin su jira ajali, saboda imanin cewa wanda ya mutu a Kashi, tsohon sunan Banaras, ya huta da sake dawowa duniya.

A nan sai Bahaushe ya ɗan gyara zama. Mu zuwa ɗaya muka sani, mutuwa ɗaya, hisabi ɗaya. Barahmawa da mabiya Buda kuwa duka sun tafi a kan cewa a haife ka, ka mutu, a sake haihuwarka gwargwadon abin da ka shuka, haka nan ba ranar gamawa. Samsara suke kiran wannan kewaye, kuma ba abin murna suka ɗauke shi ba, ɗaurin talala ne. Inda suka rabu shi ne yadda ake kwancewa, da kuma wanda ke riƙe da bakin igiyar.

Gidan kakan yana cikin lungunan bayan kogi, irin lungun da in saniya ta tsaya a ciki sai dai ka jira ta ga damar wucewa. Tsohon ya haura tamanin, ba riga a jikinsa duk da sanyin nan sai mayafi, ga zare rataye daga kafaɗar hagu zuwa ƙugun dama. Kowa Fandit-ji yake ce masa, abokina kuwa Dada-ji, kuma sai da ya sunkuya ya taɓa ƙafafunsa kafin ya gabatar da ni. A tsakar gida akwai ɗan rami mai kusurwa huɗu, wuta na ci a ciki. Yana ɗibar man shanu da wani cokalin itace mai dogon hannu yana zubawa, kowace zuba ya rufe ta da "swaha", wutar ta yi sama ta dawo. A gefe yara maza shida suna zaune a kan tabarma suna karatu da ka, hannun dama yana hawa yana sauka tare da murya. Babu allo, babu takarda. Wuta, da sanyi, da muryoyin yara a haɗe: saura kaɗan in waiwaya in nemi gardi da dorina.

Abin da suke haddacewa Beda ne. Guda huɗu ne, mafi tsufa shi ne Rigbeda, waƙoƙi 1,028 a cikin littafi goma, wanda masana suka fi karkata ga cewa an tsara shi tsakanin shekara ta 1500 da ta 1200 kafin Miladiyya, a yankin Funjab. Masu shi makiyaya ne, mutanen shanu da dawaki da keken yaƙi, har ɗaya daga kalmominsu na yaƙi ma'anarta "neman shanu". Harshensu ɗan'uwan tsohon Farisanci ne, shi ya sa yawancin masana tarihi ke cewa daga arewa maso yamma suka gangaro. Da na faɗi haka abokina ya ɓata rai ya ce wannan zancen Turawa ne. Maganar tana da zafi a Indiyar yau, sai na ja bakina. Tsohon kuwa ko a jikinsa. A wajensa ba wanda ya tsara Beda, jin sa aka yi, kuma ba shi da farko. Addinin ba shi da wanda ya kafa shi, ballantana a ce ga shekarar da ya soma.

Haddar tasu ta ba ni mamaki, ni da na taso cikin mahaddata. Bayan yaro ya riƙe baiti yadda yake, sai ya koyi karanta shi kalma-kalma, sannan bibbiyu a sarƙe, ta ɗaya da ta biyu, ta biyu da ta uku, sannan gaba da baya kamar ana kitso. Da haka aka riƙe lafazin ƙarni bayan ƙarni ba a rubuta ba. Dalilin wannan tsanani shi ne kuskuren wasali ɗaya na iya ɓata hadaya, hadaya kuwa ita ce komai a tsohon addinin Barahmawa. Ba gumaka a lokacin, ba ɗakunan bauta irin na yanzu. Fili ne, da wuta, da lafazi. Agni, wato wutar kanta, shi ne ɗan aiken da ke kai wa Indra da Baruna da sauran ababen bautarsu rabonsu: man shanu, hatsi, madara, wani abin sha da ake kira soma, a manyan bukukuwa har da dabbobi. In an yi daidai ruwa ya sauka, shanu su hayayyafa, a sami 'ya'ya maza, sarki ya ci yaƙi. Kuma ba mai iya yin daidai sai wanda aka haifa Barahmani. Addinin Hindu na yau jikan wannan ne, ko da yake ya yi wa kakansa nisa ƙwarai.

Na tambayi tsohon, ta bakin jikansa, daga ina wannan gadon ya samo tushe. Ya karanto baiti daga littafi na goma na Rigbeda, inda aka yi hadaya da wani Mutum na farko aka rarraba jikinsa: bakinsa ya zama Barahmani, damatsansa suka zama sarakuna da mayaƙa, cinyoyinsa manoma da 'yan kasuwa, daga ƙafafunsa Shudra ya fito, mai yi wa sauran hidima. Ukun farko kaɗai ake rataya wa zare, su kaɗai aka yarje wa karatun Beda. Dom ɗin Manikarnika ko a ƙafar bai sami gurbi ba.

Sai ya sa aka kawo ruwa a kofin ƙarfe da ɗan gishiri. Ya zuba, ya kaɗa, ya ce ina gishirin? Na ce ya narke. Ya ce in kurɓa ta wannan gefen, in juya kofin in kurɓa ta wancan. Ko'ina gishiri. Misalin daga Ufanishad yake, littattafan da suka biyo bayan Beda, inda wani uba ya yi wa ɗansa irin wannan darasin. Kamar yadda gishiri ya game ruwan ba ka ganin sa, haka wani asali guda da suke kira barahman ya game komai. Abin da ke can cikinka kuma, atman, wanda ba ya tsufa ba ya mutuwa, sai dai ya sauya jiki kamar yadda ake sauya riga, shi da wancan asalin abu ɗaya ne. Wanda ya san haka sani na haƙiƙa ya kwance. Ya faɗi wannan cikin taushin murya, yana kallona kamar jikansa. Na kuma lura da cewa kofin da na sha ba a mayar da shi cikin 'yan'uwansa ba, gefe aka ajiye shi.

Da yamma muka je kallon bautar kogi a matakalar Dashashwamed, sunan da ke nufin hadayar dawaki goma. Samari bakwai cikin siliki suna jujjuya fitilu masu hawa-hawa, ga ƙararrawa, ga turaren wuta, ga dubban mutane da wayoyi a sama. Ban daɗe ba, na sulale unguwar Madanfura wajen masaƙa Musulmi, masu saƙa sarin Banaras da amare ke rububi. Can na yi Isha'i, can kuma na ga nama a faranti karon farko cikin kwana biyu.

Washegari muka hau A Daidaita Sahu, irin namu sak har da direban da bai san birki ba, muka nufi Sarnat. Kilomita 10 ne kacal, amma kamar an toshe maka kunne. Bayan hayaniyar Banaras sai ga ciyawa a gyare, da kufan gine-ginen jan bulo, da wata ƙatuwar hasumiya toshiya mai suna Damek, tsayinta ya haura mita 40, ba ƙofa ba taga. Mutane cikin fararen kaya suna kewaya ta a hankali, tana damansu.

A nan Buda ya yi wa'azinsa na farko. Sunansa Siddata Gotama, ɗan gidan sarautar ƙabilar Sakiya, an haife shi a Lumbini cikin Nefal ta yau. Lissafin da aka daɗe ana bi ya sa rayuwarsa tsakanin 563 da 483 kafin Miladiyya, masana da yawa a yanzu suna matso da ita gaba da kusan shekara 80. In mun bi baitin tsohon, daga damatsa ya fito. Yana da shekara 29 ya bar mata da jariri ya shiga sahun masu yawon zuhudu da ake kira samana, kalmar da ta zama Sumaniyya a Larabci. Gabashin kwarin Ganga a wancan zamani wata duniya ce daban da ta makiyayan Rigbeda: birane na tasowa, ga fatake, ga kuɗin azurfa, ga daulolin Magada da Kosala suna haɗiye ƙanana. Masu irin wannan zuhudu sun yi yawa, cikinsu har da Mahabira na addinin Jain. Gotama ya yi shekara shida yana gana wa jikinsa azaba da yunwa, ya ga ba ta kai shi ko'ina ba, ya ci abinci. Abokan zuhudunsa biyar suka ce ya koma wa daɗi, suka tafi suka bar shi. A nan Sarnat ya zo ya same su bayan ya ce ya farka, wanda shi ne ma'anar Buda. Biyar ɗin nan kuwa 'ya'yan Barahmawa ne.

Abin da ya gaya musu ba hadaya a ciki, ba abin bauta, ba baitin Beda. Salon mai magani ya bi. Akwai ciwo, wato wahalar da ke manne da rayuwa: haihuwa, tsufa, cuta, mutuwa, rabuwa da abin so, haɗuwa da abin ƙi. Ciwon yana da sanadi, shi ne ƙishirwar zuciya. In ƙishirwar ta yanke ciwon ya yanke. Maganin kuma hanya ce mai rassa takwas da ta haɗa gyaran fahimta da niyya, da magana da aiki da sana'a, da horon hankali, tsakanin holewa da azabtar da kai.

Kusa da ɗakin bautar da aka gina a 1931 muka sami wani bikku ɗan Siri Lanka yana shan hantsi, kai a aske, mayafi ruwan goro. Bikku ma'anarsa mai bara, kuma ƙoƙon bara na cikin 'yan kayan da aka yarda ya mallaka. Abokina ya haɗa hannu ya ce masa "Bante", haka ake kiran su. Na ba shi labarin gishirin jiya. Ya yi dariya ya ce to in ka ƙafe ruwan ai za ka ga gishiri, amma ƙafe mutum ka gani. Jiki ne, da ji, da ganewa, da saƙe-saƙen zuci, da sani, kowanne yana sauyawa kamar ruwan kogi. Ka duba ɗaya bayan ɗaya, ba inda za ka sa yatsa ka ce ga atman. Na ce, "To Bante, in ba kowa a ciki, wa ake sake haifuwa?" Ya nuna wasu 'yan fitilun mai da ke jere a gindin bango. Ya ce in ka kunna wannan daga waccan, harshen wutar shi ne na farko ko wani ne? Na ce ba shi ba ne, kuma ba wani ba ne. Ya ce to ka amsa wa kanka.

Ban gamsu ba, kuma ban ɓoye masa ba. Abokina ma ya ce ai wannan wasa da kalmomi ne. Amma abin da ya faɗa game da karma ya tsaya mini a rai. A tsohon harshen Beda karma aikin hadaya ne, wanda Barahmani ke yi maka ka biya shi. Buda ya ɗauki kalmar ya ce niyya ce karma. Ke nan ba wanda zai yi maka, ba kuma ruwan kogin da zai wanke maka. Na ce masa mu ma a wajenmu ayyuka da niyya suke. Ya gyaɗa kai. Sai na tambaye shi wa ke yin sakayyar, ya ce ba kowa, iri ne ke tsirowa da kansa. Buda bai ce ababen bautar Barahmawa babu su ba, sauke su ya yi daga kujera, ya ce su ma halittu ne da ke mutuwa a sake haihuwarsu, kuma bai yarda da mahalicci ba. A nan na ji tazarar da ke tsakanina da mutumin nan mai fara'a ta fi wadda ke tsakanina da tsohon jiya nisa.

Ga labarin da ya fi yi mini daɗi a bakinsa. Wasu 'ya'yan sarautar Sakiya sun fito za su shiga zuhudu, wanzaminsu Ufali yana biye da su. Da suka isa sai aka fara shigar da wanzamin kafin su. Ƙa'idar jama'ar bikku kuwa ita ce wanda ya riga ka shiga shi ne babba, ko da sa'a ɗaya ce. Dole 'ya'yan sarki suka sunkuya suka gaida wanzaminsu, kuma daga baya shi ya zama gwanin dokokin jama'ar. Duk wanda ya taɓa ganin an fasa aure a garinmu saboda an binciko cewa kakan yaro mahauci ne ko wanzami, ya san nauyin wannan sunkuyon. An ruwaito Buda yana cewa ba haihuwa ke mayar da mutum Barahmani ba, aikinsa ne, ya kuma ce kamar yadda Ganga da Yamuna ke rasa sunayensu in sun shiga teku, haka asali ke ɓacewa a cikin jama'arsa. Ya ƙi yarda a mayar da koyarwarsa cikin harshen Beda, ya ce kowa ya koya da harshensa. Sai dai kada a yi masa ƙarin gishiri. A cikin jama'ar bikku ya rushe tsanin, a wajen ta ya bar duniya yadda ya same ta. Manyan almajiransa, Sarifutta da Moggallana, Barahmawa ne. Da na tambayi Bante ko a Siri Lanka, ƙasar mabiya Buda, ba a duba asali wajen aure, sai ya gyara mayafinsa ya ce rana ta yi zafi.

A gidan tarihin Sarnat, kana shiga za ka yi kiciɓis da zakuna huɗu na dutse sun juya wa juna baya, sumul kamar an shafa musu mai. Kan ginshiƙin sarki Ashoka ne, wanda bayan yaƙin Kalinga, wajen 261 kafin Miladiyya, ya sa aka sassaƙa a dutse cewa an kashe mutum 100,000 kuma ya yi nadama. Shi ya ɗaga addinin Buda ya aika da shi har Siri Lanka, amma a rubuce-rubucensa yana umartar a girmama Barahmawa da samana gaba ɗaya. Da alama umarnin yana da dalili, domin masana nahawun Sanskrit, harshen Barahmawa, na da in za su ba da misalin abokan gaba na har abada, su biyun nan suke kawowa. Abokina ya zaro takardar rufi ya nuna mini zakunan a jiki. Tun 1950 su ne tambarin Indiya, ƙafar keke mai sanduna 24 da ke tsakiyar tutar ƙasar ma daga nan take. Amma a ƙidayar 2011 mabiya Buda kashi 0.7 cikin ɗari ne na mutanen Indiya, Hindu kuwa kusan kashi 80. Matafiyin nan na Sin, Shuwanzang, ya tarar da bikku 1,500 a Sarnat a ƙarni na 7. Zuwa wajen 1030, da Albiruni ya rubuta littafinsa a kan Indiya, cewa ya yi bai sami littafin Sumaniyya ba, bai kuma haɗu da wanda zai koya masa ba. Sarakuna sun janye hannu, Hindu ya haɗiye abin da ya haɗiye, sannan mayaƙan Turkawa suka ƙarasa manyan makarantun a ƙarshen ƙarni na 12. Barahmani yana da gida da 'ya'ya, ilminsa na bin jini. Bikku kuwa in an rushe makaranta, ba magaji.

Jirgin ƙasan da ya kai mu Gaya, a jihar Bihar, hazo ya makarar da shi awa huɗu. A bakin kogin Falgu, wanda yawancinsa rairayi ne, muka ga mutane zaune layi-layi da askakkun kawuna, Barahmawa na karanta musu suna maimaitawa, suna mulmula curin shinkafa domin ciyar da iyayen da suka mutu. A wani tudu na yankin nan ne aka ce Buda ya yi wa wasu masu bautar wuta su dubu wa'azi, ya ce musu komai yana ci da wuta: ido na ci, kunne na ci, zuciya na ci, da wutar kwaɗayi da ta ƙiyayya da ta ruɗu. Magidancin Barahmani mai cikakkiyar hadaya wuta uku yake riƙewa, bai kamata ya bar ta ta mutu ba. Shi kuma ya lissafa wuta uku ya ce a kashe. Kalmar nibbana kanta, ƙarshen tafiyar mai bin Buda, ma'anarta mutuwar wuta. Na tuna tsohon da cokalinsa na man shanu.

Bod Gaya ba nisa daga nan. Ana karɓe waya a ƙofa tun bayan bama-baman da suka tashi a wurin a 2013, takalmi ma a cire. Hasumiyar ta kai mita 50 da ɗoriya, a bayanta ga bishiyar da aka ce a ƙarƙashin kakarta Gotama ya farka. Dangin durumi ce, ganyenta mai siffar zuciya da dogon wutsiya. 'Yan Tibet sun jera alluna suna zubewa rub da ciki suna tashi, hannuwansu cikin tsumma don kada su saɓule, akwai mai nufin cika 100,000. In ganye ɗaya ya faɗo sai ka ga dattawa masu natsuwa sun yi wawa. Amma dab da ƙofar babban ɗakin akwai wani ɗan ɗaki da Barahmawa ke tsaro, suna nuna wa baƙi gumaka suna cewa 'yan'uwan nan biyar ne na Fandawa, jaruman wani tsohon labarin Hindu, mabiya Buda kuwa na cewa siffofin Buda ne aka yi wa sutura. Ƙarnuka wurin yana hannun wani shugaban masu bautar Shiba, ɗaya daga manyan ababen bautar Hindu. Dokar 1949 ta raba kwamitin kula da shi, Hindu huɗu, mabiya Buda huɗu, da shugaban gundumar Gaya a sama, kuma har yau bikku na neman a sakar musu wurinsu.

Wajen mai shayi muka haɗu da wani dattijo daga Nagfur, da shuɗin ƙyalle a wuya. Gaisuwarsa "Jai Bhim", wato jinjina ga Bhimrao Ambedkar, ba "Namaste" ba. Ya ce iyayensa na cikin dubban ɗaruruwan da suka bi Dakta Ambedkar ranar 14 ga Oktoba 1956 suka bar Hindu suka koma addinin Buda. Ambedkar, wanda ya jagoranci rubuta tsarin mulkin Indiya, daga cikin waɗanda ba a taɓawa ya fito. Dattijon bai damu da atman ko rashinsa ba. Ya ɗaga ɗan kaskon ƙasan da aka zuba masa shayi ya ce a ƙauyensu, yana yaro, kofinsu a waje yake rataye, su za su wanke abinsu, kuɗin ma a ƙasa suke ajiyewa. Ya tambayi abokina sunan gidansu. Abokina ya faɗa. Dattijon ya ce, "Achha, Fandit-ji," ya ci gaba da hura shayinsa. Ba wanda ya ƙara cewa komai sai da mai shayin ya tambaye ni ko daga Afirka ta Kudu nake.

Ana kiran Magariba daga masallacin da ke daf da katangar wurin, na miƙe. Ina ɗaure igiyar takalmi bayan na fito sai na tarar da abokina yana waya, yana ta "Ji, Dada-ji, ji." Da ya ajiye na ce lafiya? Ya ce tsohon ne ke tambaya ko ya gaida Bishnu, wani babban abin bautarsu, domin a lissafinsu Buda shi ne zuwan Bishnu na tara duniya. Na ce me ka ce masa? Ya waiwaya wajen mai shayi, inda dattijon Nagfur ke zaune har yanzu, ya rage murya ya ce, "Na ce masa na gaishe shi. Taso mu tafi, kada jirgin ya zo a kan lokaci yau."